Gara ta hau mangwarona, in zuba masa baƙin mai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da mangwaro a tsakar gidana a Zariya, marigayi mahaifina ne ya dasa shi. Tun da muka shimfiɗa intalok bara ganyen sama ya fara bushewa, ƙaro na tsiyaya daga jikinsa, yanzu kuma gara ta lulluɓe gindin. Wani mai gyaran fulawa ya ce in tuttula baƙin mai a gindin, in shafa saura a jikin. Wallahi ina tsoron rasa itacen nan.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Malam, kada ka zuba ko cokali ɗaya.

Ka riga ka faɗi mai laifin da bakinka: intalok. Yawancin ƙananan saiwoyin da itace ke sha da shaƙar iska da su suna cikin rabin mita na saman ƙasa, kuma sukan bazu har su wuce inda inuwar ta tsaya. Masu daɓe sun sassare wasu, sun danƙare ƙasa, sun rufe har jikin gindi. Itace ya galabaita, cutar fangas (ƙwayar cuta dangin fumfuna) ta samu ƙofa, ita ce ke kawo ƙaron da bushewar rassa daga sama zuwa ƙasa. Gara daga baya ta zo. Ka sa farce ka ɓanɓare ƙasar da ta gina, galibi mataccen ɓawo za ka tarar tana ci.

To, baƙin man nan. Kullum sai an kawo mana maganarsa, kuma ban san wanda ya ba masu yawo da almakashi a bayan keke izinin rubuta wa itace magani ba. Man da bakanike ya tsiyaye daga inji guba ne, cike da dattin ƙarafa irin su dalma. In ya shiga ƙasa yakan naɗe ƙwayoyinta, ka zuba ruwa ka ga yana gangarewa bai ratsa ba. Saiwar da ta tsira daga masu daɓe sai ta mutu da ƙishi. In an shafa a jiki kuwa, ya toshe ƙofofin numfashin ɓawo, ya ƙona ɗanyen naman da ke ƙarƙashinsa, ya kulle danshi a cikin rauni, fangas ya ci gaba da ɓarna ba mai gani. Abin da ke yaudarar mutane shi ne gara takan janye na ɗan lokaci, sai a ce magani ya ci. Da damina ta zagayo itace ya ƙi toho, mai fulawa ya daɗe da sauya unguwa, sai a ce iska ne ko sammu. Ga kuma rijiya: a gidajenmu na cikin gari tsakanin itace da bakin rijiya sau da yawa taku kaɗan ne, man nan kuwa ba ya ruɓewa da wuri.

Ka ɗaga intalok aƙalla mita biyu kewaye da gindin, in da hali ka ƙara. Ka sassauta ƙasar a hankali, ka zuba ruɓaɓɓen taki, ka shimfiɗa busasshen ganye, amma kada ya taɓa jikin itacen. A rani ka shayar da shi sosai sau ɗaya a mako, ba yayyafin kullum ba. Ka goge ginin garar da tsintsiya mai tauri, ka barbaɗa toka ko dakakken 'ya'yan darbejiya, ka nemo shurin.

Busassun rassa a yanke su da zarto mai kaifi, ba adda ba, a ɗan shiga cikin ɗanye, a shafa maganin fangas mai sinadarin tagulla, a ƙone abin da aka yanke. In ka kankare ɓawo ka ga baƙi ya zagaye gindin gaba ɗaya, ka kira malamin gandun daji ya duba kafin iskar farkon damina, don irin wannan itacen kan faɗa kan ɗaki.