Filin Tambaya da Amsa: Baftisma, Jibi da Sauran Sakramenti

Salama gare ku masu karatu. Wasiƙun wannan watan sun taru a kan batu ɗaya ne, baftisma da Jibin Ubangiji (cin gurasa da shan ruwan inabi a coci don tunawa da mutuwar Yesu) da sauran ayyukan ibada masu tsarki da ikkilisiya ke kira sakramenti, don haka na haɗa su wuri guda. Na gajarta wasu don fili ya ishe mu.

TAMBAYA: Baba, ni 'yar ECWA ce, an yi mini baftisma a rafi ina da shekara 15. Yanzu wanda zai aure ni ɗan Katolika ne. Mamarsa ta ce sakramenti bakwai ne kuma ni ko ɗaya ban cika ba, faston mu kuma ya ce biyu ne kawai Yesu ya bari. Waye ke da gaskiya? Kuma wai sai an sake mini baftisma? (Wata 'yar'uwa daga Kafanchan)

AMSA: 'Yata, bari in fara da abin da ya fi damunki. A'a, ba za a sake miki baftisma ba. Darikar Katolika tana karɓar duk baftismar da aka yi da ruwa cikin sunan Uba da na Ɗa da na Ruhu Mai Tsarki, yadda yake a Matiyu 28:19, ko a rafi aka nutsar da mutum ko a ka aka zuba masa, kuma koyarwarsu ce ma cewa baftisma sau ɗaya ake yin ta ba a maimaitawa. Abin da Fada zai nema a wurinki shi ne katin baftismarki, toh ki je ki nemo shi tun yanzu, in ya ɓace ki koma majami'ar da aka yi miki su duba rajista su ba ki shaida. Maganar mamarsa cewa ko ɗaya ba ki cika ba, da girmamawa, ba haka cocinta ke koyarwa ba.

Batun bakwai da biyu kuwa tsohuwar magana ce, ta girmi ni da ke da faston ku. Bakwai ɗin da Katolika ke riƙe da su su ne baftisma, tabbatarwa wato ɗora hannu da shafa mai da Bishop ke yi, Yukaris wato Jibin Ubangiji, furta zunubi a gaban Fada, shafe marar lafiya da mai, naɗin masu hidima, sai aure. 'Yan Otodoks irin na Girka da Habasha da Masar su ma bakwai suke ƙirgawa. Ba a rana ɗaya aka tsayar da lissafin ba, wani malami Bitrus Lombard ne ya jera su haka a ƙarni na 12, majalisar shugabannin ikkilisiya da ta zauna a Filorens ta ambace su a 1439, sannan majalisar Tirent ta buga hatimi a kai a 1547 saboda a lokacin gardama ta riga ta tashi. Wanda ya tayar da ita shi ne Martin Luta na Jamus, a 1520 ya ce shi dai abin da zai kira sakramenti sai wanda Yesu ya umarta da bakinsa kuma ya haɗa shi da wani abu da ido ke gani, ruwa ko gurasa ko ruwan inabi, da aka auna da wannan ma'aunin sai biyu suka rage, ko da yake shi kansa ya ɗan yi jinkiri a kan furta zunubi kafin ya ajiye shi gefe. Daga wannan reshen ne ƙungiyoyin mishan irin su SIM (Sudan Interior Mission) da suka iso Najeriya a 1893 da SUM (Sudan United Mission) a 1904 suka fito, shi ya sa ECWA da COCIN da sauransu ke cewa biyu.

Amma ki lura da wani abu da masu gardamar ba su cika faɗa ba. Faston ku yana ɗaura aure ko? Ana naɗa Rabaran da ɗora hannu ko? In wani ya kwanta ciwo dattawa suna zuwa su yi masa addu'a, wasu har da mai, kamar yadda Yakubu 5:14 ya ce. Kenan yawancin abubuwan nan kowa na yin su, inda aka rabu shi ne wane matsayi za a ba su, da kuma ko ta cikinsu Allah yake zuba alherinsa kai tsaye ko kuwa alama ce ta alherin da aka riga aka karɓa ta bangaskiya. Wannan bambanci ne na gaske, ba zan ce miki ba komai ba ne. Ni a nawa ganin duk ɓangarorin sun yarda a kan abin da ya fi nauyi, cewa Allah ne mai bayarwa mu masu karɓa ne.

Abin da nake so ku zauna ku tattauna kafin ranar aure, don ba a fafe gora ranar tafiya: in kin tsaya a ECWA ba za ki karɓi Yukaris a Mas, wato sujadar Katolika, ba ko da kin raka shi kowace Lahadi, sai in kin shiga aji an karɓe ki a darikar. Shi kuma zai nemi izinin Bishop don auren, zai kuma yi alkawarin yin iyakar ƙoƙarinsa a yi wa yaranku baftisma a kuma rene su a Katolika, za a sanar da ke wannan alkawarin. Su suna yi wa jarirai, ku kuna miƙa jariri ga Allah ku jira ya girma ya furta da bakinsa. Wannan ne ke kawo rigima a gidaje da yawa bayan haihuwar fari, ku gama maganar yanzu tun kuna dariya da juna.

TAMBAYA: Ni Musulmi ne, malamin makaranta, maƙwabcina Kirista ne kuma muna zaman lafiya. Na ji ana cewa a coci kuna cin naman Annabi Isa kuna shan jininsa, kuma wai giya ce ake sha. Don Allah a fahimtar da ni, ba da niyyar ɓatanci nake tambaya ba. (Wani malami daga Zariya)

AMSA: Malam, na gode ƙwarai da ka tambaya maimakon ka riƙe jita-jita, Allah ya ƙara zumunci tsakaninka da maƙwabcinka. Ba nama a wurin, ba jini. Abin da ke kan teburin gurasa ce da ruwan inabi. Asalinsa daren ƙarshe ne kafin a kama Yesu, yana cin abincin Idin Ƙetarewa da almajiransa, ya ɗauki gurasa ya yi godiya ya kakkarya ya ba su ya ce jikinsa ne, ya ɗauki ƙoƙo ya ce jininsa ne na sabon alkawari, ya ce su riƙa yin haka don tunawa da shi. Na san cewa a Musulunci ba a yarda an gicciye shi ba, toh mu a wurinmu mutuwarsa da tashinsa su ne tushen komai, jibin kuwa shelar wannan ne.

Yadda ake fahimtar kalmomin nan shi ma Kiristoci ba bakinsu ɗaya ba. Katolika sun gaskata cewa bayan addu'ar Fada ainihin abin ya zama jiki da jinin Almasihu ko da yake ɗanɗano da kamanni na gurasa ne da inabi, shi ya sa za ka ga suna durƙusawa, suna kuma kame baki awa ɗaya kafin su karɓa. 'Yan Lutaran, mabiyan koyarwar Martin Luta, sun ce Almasihu yana nan da gaske tare da gurasar. Wasu kuma da yawa a nan arewa sun ce tuni ne. Luta da Zwingili, wani jagoran gyaran ikkilisiya na Suwizalan, sun zauna a Marbug a 1529 don su daidaita a kan wannan, suka yarda a kan kusan komai amma a nan suka tashi baram-baram.

Batun giya: Katolika da Anglika da dama suna amfani da ruwan inabin da ya tsimu, ɗan kurɓi ne ba sha ba, sau da yawa ma a Mas Fada ne kaɗai ke shan ƙoƙon jama'a su karɓi gurasa. Yawancin coci-cocin bishara na arewa kuwa ba sa kusantar barasa sam, ruwan 'ya'yan itace marar sa maye suke zubawa a ƙananan kofuna, dattawa su zaga da faranti layi layi, kowa ya riƙe nasa har sai an gama rabawa sannan a sha gaba ɗaya. In ka roƙi maƙwabcinka zai iya nuna maka kofunan, gani ya kori ji.

TAMBAYA: Baba ni mata ta biyu ce. An aurar da ni tun ina yarinya kafin ni da maigidana mu karɓi Yesu. Ina zumuntar mata, ina share majami'a, ina ba da baiko, amma duk ranar jibi sai in tashi in fita tare da yara. Yanzu na tsufa. Ashe Allah bai karɓe ni ba kenan? ('Yar'uwa daga wani ƙauye a kudancin Borno)

AMSA: Mama, wasiƙarki ta taɓa ni sosai. Ki ji wannan da kyau: karɓar da Allah ya yi miki ba a hannun kwamitin dattawa take ba. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu ba a yi masa baftisma ba, bai taɓa cin jibi ba, amma a Luka 23:43 an yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Ba ina cewa jibi ba shi da muhimmanci ba ne, da ba shi da muhimmanci ai da fitar nan ba ta yi miki ciwo haka ba.

Dokar da ta tsare ki tana da tarihi. A taron Bishop-bishop na Anglika a Lambet ta Ingila a 1888 aka yanke cewa mai mata fiye da ɗaya ba za a yi masa baftisma ba sai dai ya zauna a matsayin mai koyo, mishan da yawa suka bi irin wannan layin, kuma abin da ya biyo baya mun gan shi da idonmu, an kori mata da 'ya'yansu don namiji ya samu shiga ruwa, matan da ba su yi laifin komai ba. Bayan shekara 100, a 1988, wannan taron ya sake duba maganar, Bishop-bishop na Afirka suna cikin waɗanda suka matsa, aka ce wanda bishara ta same shi da matansa ana iya yi masa baftisma da shi da matan da suka ba da gaskiya da yaransu, muddin ya yi alkawari ba zai ƙara aure ba, jama'ar cocin wurin suka amince, kuma ba za a tilasta masa sakin kowa ba. Wannan na Anglika ne, kowace darika da tsarinta, amma ya nuna miki cewa manyan masu tsoron Allah sun auna irin halinki sun ga akwai gyara.

Ra'ayina a fili: koyarwar mace ɗaya miji ɗaya ina riƙe da ita, amma ban ga adalci ba a ce yarinyar da aka kai ɗaki ba da shawararta ba ta tsufa a bakin ƙofa tana jin waƙar jibi daga waje. Jibi abinci ne, mai yunwa ake kira wa abinci. Ki ɗauki shugabar zumuntar mata ku je wurin Rabaran, ba ranar Lahadi da yake cikin hidima ba, ki faɗa masa labarin auren daga farko, ki roƙi a kai maganar gaban majalisar gunduma a rubuce. Wani lokacin dokar ta sassauta tuni a sama amma labarin bai iso ƙauye ba. Ku kuma fastoci masu karanta wannan filin, ku duba bencin baya na majami'unku ranar jibi, ku ƙirga su waye ke fita kuma don me.

TAMBAYA: Faston da ya yi mini baftisma an kama shi da laifin kuɗi an sauke shi. Baftismata tana nan ko ta lalace? (Wani matashi daga Jos)

AMSA: Tana nan daram, ɗana. An yi wannan gardamar a Afirka ta Arewa tun ƙarni na 4, 'yan Donatus, mabiyan wani Bishop mai wannan suna, suka ce hidimar shugaban da ya faɗi ba ta da inganci, Agustin Bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya amsa cewa Almasihu ne mai yin baftismar ko da hannun wa aka yi. Da Katolika da Furotesta duk a kan wannan suke. Ka yi wa mutumin addu'a, kada ka sake shiga ruwa.

TAMBAYA: Na daɗe ban ci jibi ba saboda ina tsoron ayar nan da ta ce wanda ya ci da rashin cancanta hukunci yake ci wa kansa. Ba a sa ni a horo ba, ni ne dai ba na jin na isa. (Ɗan'uwa daga Maraɗi)

AMSA: Ɗan'uwa, ka buɗe 1 Korintiyawa 11 ka fara daga aya 17, kada ka faɗa kan aya 27 kawai. Abin da Bulus ke faɗa a kai shi ne, a Korinti jibin cikakken abinci ne ake haɗuwa a ci, masu hali su riga zuwa su cinye nasu har wasu su bugu, talakawa da bayi su iso daga aiki su tarar ba komai su zauna da yunwa da kunya. Wannan ne cin da bai dace ba, wulaƙanta ɗan'uwa a teburin Ubangiji. Kuma ka duba aya 28, cewa ya yi mutum ya gwada kansa sannan ya ci, bai ce ya gwada kansa ya gudu ba.

'Yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, waɗanda aikinsu ya fara a Garkida a 1923, suna da al'adar da nake ƙauna a kan wannan. Kafin a taɓa gurasa sai an kawo kwanon ruwa da tawul, maza a gefe mata a gefe, mutum ya durƙusa ya wanke ƙafar na kusa da shi ya share, shi ma a wanke tasa, bin abin da Yesu ya yi a Yohanna 13, ƙafar manomi mai faso da ƙafar ma'aikacin ofis duk kwano ɗaya. Da wuya ka riƙe ƙafar mutum a hannunka kana riƙe da shi a zuciya.

Don haka tambayar da za ka yi wa kanka a daren Asabar mai sauƙi ce: akwai wanda ba na gaisawa da shi? Akwai bashin da nake ɓoyewa mai shi, ko zunubin da nake ciki na ƙi bari? In akwai, Matiyu 5:23-24 ya faɗi abin yi, ka je ka shirya da shi tukuna, ko a waya ne in yana nesa. In kuwa ba komai sai dai jin cewa ba ka isa ba, ka gaya wa fastonka ko wani dattijo da ka amince da shi tun kafin ranar ya yi addu'a tare da kai, jibi mai zuwa in faranti ya iso gabanka ka miƙa hannu ka ɗauka.