Yadda Angami ke haɗa noman shinkafa da kiwon kifi

Mai tambaya yana so ya san ko kifin da manoman Angami ke sakawa cikin gonar shinkafa ba ya lalata shuka. Ba ya lalata ta, muddin an kula da ruwa da lokacin sakin 'ya'yan kifin.

Angami mutanen jihar Nagaland ne a arewa maso gabashin Indiya, musamman kewayen Kohima da ƙauyen Khonoma. Tun kaka da kakanni suke sassaƙa gefen tsaunuka su mayar da shi gonaki hawa-hawa, kowace da kunya mai riƙe ruwa, sannan su janyo ruwan ƙorama ta magudanai da bututun gora, ya riƙa gangarowa daga wannan gona zuwa ta ƙasa da ita. Ruwan da ke tsayuwa watanni shi ne ya sa kiwon ya yiwu.

Ana sakin 'ya'yan kifi ne bayan dashen ya kama ƙasa, domin kada su tumɓuke shi. Manomi kan haƙa rami mai ɗan zurfi a cikin gonar, inda kifin ke fakewa idan ruwa ya ja baya, kuma a nan ake kama shi kusa da girbi. Kifin yana cin ƙwari da tsutsotsi da ƙananan ciyayi, kashinsa kuma ya zama taki. Abin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne maganin ƙwari: wanda ya fesa shi a irin wannan gona zai iya rasa kifinsa gaba ɗaya.