Ciwon daji a Damagaram: an yi doka, an kawo na'ura, saura hanya

Malam, ka aiko daga Kano kana tambaya ko gaskiya ne a wajenmu kyauta ake jinyar ciwon daji. Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba. A 2007, zamanin Tandja Mamadou, aka yi dokar da ta ɗauke wa mata kuɗin jinyar dajin mama da na mahaifa a asibitocin gwamnati. Namiji mai dajin hanta ba ya ciki, alhali shi ma yana yi mana ɓarna sosai. Tsarin kuwa shi ne asibiti ya yi aiki, ya tura takardu, gwamnati ta biya daga baya. In biyan ya yi jinkiri, kamar yadda ya sha yi, magani ya ƙare a ma'ajiya, sai a miƙa wa dangi ordonans, wato takardar magani, su nufi farmasi da aljihunsu.

Gyara na biyu ya zo a 2021, lokacin da aka buɗe sashen gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan, wanda ke buƙatar gashi sai ya bar ƙasa. Wannan ci gaba ne, ba na raina shi. To amma daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Maradi da Ƙonni da Dosso, Kano ma ta fi mana kusa nesa ba kusa ba.

Ga inda abin ke lalacewa. Mace ta ji ƙullutu a mama, ta je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko ƙauye, a tura ta asibitin gunduma, daga nan babban asibitin Damagaram. Babu likitan kirki da zai fara kimiyo, wato maganin daji mai ƙarfi da ake sa wa ta jijiya, bai yanki ɗan tsokar wurin an duba ba. Tsokar nan dole ta shiga ruwan fomalin, maganin hana tsoka ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 nan take, ruwan ya ninka ta sau goma. In aka bar ta ta bushe ko aka sa ta a ruwan gishiri, ta ɓaci, sai an sake yanka, makonni sun tafi. Kimiyo yawanci duk kwana 21 ake yi, zagaye shida zuwa takwas, kowane zagaye da gwajin jini a gabansa. Gashin dajin bakin mahaifa kwana biyar ne a mako, kimanin mako biyar, kuma ana so a gama komai cikin mako takwas, don duk tsaikon da aka samu ciwon na farfaɗowa. Kuɗin mota, masauki da abincin mai jinya, babu dokar da ta ɗauke su.

Nan ne al'adarmu ke riƙe mutane. Ba a tura mara lafiya ita kaɗai. Ƙanwa ko goggo ce ke bin ta, a sauka gidan ɗan gari a Yamai, dangi su yi karo-karo, a sayar da tunkiya ko buhun gyaɗa. Amma mu ma muna da waccan maganar da kuke da ita, wai daji ba ya son allura. Ita ke sa a shafe watanni ana shafe-shafe da turare har wurin ya fashe, sannan a zo asibiti a makare, in aka rasu kuma a ce ƙarfe ne ya taɓa shi.

Don haka in za ka auna gyaran nan, kada ka tsaya a kan na'ura. Tambayi kwana nawa ake yi daga jin ƙullutu zuwa fitowar sakamako, da mata nawa ke kai zagayen ƙarshe. Gwajin bakin mahaifa da ruwan binega mai kashi 3 zuwa 5 minti ɗaya yake ɗauka kafin tabon ya yi fari, ungozoma mai horo za ta iya yin sa a CSI ɗin Mirriya ko Magariya, kuma can ya kamata ƙarfin gwamnati ya koma yanzu.