Amsar da aka turo da murya a gurup kan fulayar zoɓo da kunun aya

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'ar gurup, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, ina shago ne nan Bauchi Road, maƙwabcina ya tayar da janareto.

To, ƙanwata mai zoɓo da kunun aya, na ga fulayar da kika turo jiya da daddare, na kuma karanta tambayarki. Kin ce kwana uku kina fama da ita a manhajar PixelLab ta waya, amma duk wanda kika nuna wa sai ya ce ta yi hayaniya, ya kasa gaya miki ina matsalar take. Sannan kina so ki buga sitika ki riƙa manna wa gorunanki, kina tsoron kada kala ta canza miki a wajen bugawa. Na fara rubutawa, na ga abin da tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya. Wanda ke da hali ya rubuta ta ya ajiye a gurup saboda 'yan baya.

Da farko dai, sannu da ƙoƙari. Wallahi hoton gorar da kika ɗauka ya yi kyau, hasken rana ya faɗo mata daidai, har raɓar sanyin nan ta fito. Wannan hoton kaɗai ya yi miki rabin aiki. Abin da kika zuba a kewayensa ne ya danne shi.

Bari mu ƙirga tare. Bangon ja ne jawur. Sunan sana'arki kore, irin koren tutarmu. Lambar waya rawaya ce a cikin farin akwati. Furannin da ke kusurwa shuɗi ne, ga kuma wani tauraro ruwan hoda da kika rubuta farashi a ciki. Launi shida ke nan, kowanne yana ɗaga murya. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle shida. Idon mai kallo ya rasa inda zai fara sauka, kuma mutumin da ke duba sitatus ba ya tsayawa nema, wucewa yake yi.

Yanzu ga abin da nake so ki yi kafin ki ci gaba da sauraro. Ki tsayar da muryar nan, ki buɗe fulayar a wayarki, ki sa mata tacen nan da ke mayar da hoto baƙi-da-fari. Ki duba sunan sana'arki. Za ki ga ya kusa nutsewa cikin bango, ja da koren sun koma toka iri guda. Ki duba lambar wayar, za ki ga kamar ba a rubuta komai ba. Kin gane ko? Kowane launi yana da abu uku. Akwai shi kansa launin, ja ne ko shuɗi ne. Akwai ƙarfinsa, wato jawur ne ko ya kwanta kamar atamfar da ta sha wanki. Sai na uku, haskensa ko duhunsa. Masu koyo na farkon kaɗai suke kallo, alhali na ukun ne ke sa a iya karanta rubutu. Janki da korenki sunansu daban, amma duhunsu kusan ɗaya ne, shi ya sa bakin haruffan ke rawa a ido. Ga kuma mutanen da idonsu ba ya rarrabe ja da kore da kyau, yawancinsu maza, su kam sunan naki ma ba za su gan shi ba.

Abin nan har awo gare shi. Baƙin rubutu a kan farin bango, bambancinsu 21 ne a kan 1, shi ne ƙarshe. Masu tsara shafukan intanet suna da ƙa'ida da ake kira WCAG, ta ce ƙaramin rubutu kada ya gaza 4.5 a kan 1, babban rubutu kuma 3 a kan 1. Rawaya tsantsa a kan fari kuwa da ƙyar ta wuce 1 a kan 1. Lambar waya ita ce ƙofar kuɗinki, kuma ita kika fi ɓoyewa. Ba sai kin haddace lissafin ba, gwajin baƙi-da-farin nan ya ishe ki. Ni har yau, shekara da shekaru ina aikin nan, ba na miƙa wa mai aiki dizain sai na yi shi.

Sai batun wane launi ke tafiya da wane. Nan kam ke ce malamata. Idan kika je kasuwar Terminus neman mayafin da zai hau atamfarki, yaya kike yi? Kina duba zanen atamfar, ki tsinci wani ɗan launi da ya ɓuya a cikin fure, ki ce a ba ki mayafi irinsa. Ba kya ɗaukar mayafi mai zane ki ɗora a kan atamfa mai zane. To wannan idon shi za ki kawo cikin waya. Abin da Turawa suka ƙara kawai shi ne sun jera launuka a da'ira. Isaac Newton ya fitar da tasa da'irar a 1704, daga baya wani malamin zane, Johannes Itten, da ya koyar a makarantar Bauhaus a Jamus, ya yaɗa mai gida 12 da ake koya wa ɗalibai yanzu. A da'irar nan, launukan da ke maƙwabtaka suna zaman lafiya, kamar ja da ruwan goro da rawaya, ko shuɗi da kore. Waɗanda ke fuskantar juna kuma kishiyoyi ne: ja da kore, shuɗi da ruwan goro, rawaya da shunayya. Kishiyoyi suna fito da juna sosai, amma da sharaɗi. Sai ɗaya ta zama uwargida mai faɗin fili, ɗayar a ba ta ɗan lungu. Idan kika ba su fili daidai, kuma kowacce da cikakken ƙarfinta, faɗa za su yi, kuma shi ya faru a fulayarki.

Da ni ne ke, ba zan je nesa neman kala ba, tana cikin gorarki. Akwai ɗan abin nan mai kama da bututun ɗiga magani a ido, wanda ke tsinto launi daga hoto, manhajar Canva na da shi, manhajojin CorelDRAW da Photoshop ma haka. Ki ɗora shi a kan zoɓon, zai ba ki wani ja mai duhu da ya karkata wajen shunayya. Ki ɗora a kan kunun ayar, ya ba ki ruwan madara. Shi ke nan kin samu biyu. Na uku ki ɗauki ɗan kore daga ganyen na'a-na'a ko yankan kokwamba da ke gefen hoton. Masu ado suna da wani kaso da suke bi, 60 da 30 da 10. Ruwan madarar ya ci kashi 60, shi ne bango. Jan zoɓon ya ci 30, sunan sana'a da lambar waya. Koren kashi 10 kacal, ɗan layi ko ɗan ganye. Ba doka ba ce, amma ga mai koyo tana hana hannu zarcewa. Kuma duk wanda ya ga fulayar, tun bai karanta ba zai ji ƙishin zoɓo, domin launin abin sha ne yake kallo.

Idan kin samu launukan, ki rubuta lambobinsu a littafi. Kowane launi a waya yana da lamba mai gurbi shida da ke farawa da alamar #. Fari shi ne #FFFFFF, baƙi #000000, ja tsantsa #FF0000. Ki kwafi na zoɓonki da na madararki, duk fulayar da za ki yi nan gaba ki sa su. Bayan wata biyu kwastomominki za su gane tallarki tun daga nesa.

Yauwa, sai maganar bugawa. Nan ne nake so ki ba ni kunnenki sosai, don ni abin ya taɓa cin kuɗina. Farkon fara aikina an ba ni katin gayyatar biki, guda 500. Amarya ta ce shuɗi take so, irin na ankonta. Na zaɓi wani shuɗi shar a kwamfuta, na tura mata, ta ce ya yi. Da na je karɓo katin, sai na tarar ya fito wani shunayya-shunayya mai duhu. Na koma gida raina a ɓace, saura kwana tara biki. Daga aljihuna na sake bugawa, kuma laifin ba na mai injin ba ne, ni ne ban san abin da zan gaya miki yanzu ba.

Allon waya da haske yake yin launi. Ƙananan fitilu ne guda uku, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB. Kowacce tana tashi daga 0 zuwa 255, idan aka haɗa ana samun launi sama da miliyan 16. Idan duka ukun suka kunnu gaba ɗaya, fari ake gani. Takarda kuwa ba ta da fitila. Tawada ake zuba mata, kala huɗu, shi ne CMYK: wani shuɗi mai haske kamar sararin samaniya, wani ja mai ruwan hoda, rawaya, sai baƙi. Ita tawada shanye haske take yi, duk yadda kika ƙara ta duhu take ƙarawa. Saboda haka akwai launukan da waya ke iya nunawa waɗanda tawada ba za ta taɓa kaiwa ba, musamman shuɗi shar, da kore mai walƙiya, da ruwan goro mai ƙyalli. Shuɗin da na zaɓa wa amaryar nan, da inji ya fassara shi zuwa tawada, sai jan ya kusa kamo shuɗin a yawa, ya ja shi zuwa shunayya. Tun daga ranar, idan ina son shuɗi ya tsaya shuɗi, ina barin M, wato jan tawadar, ta yi ƙasa da C, wato shuɗin, da kamar maki 30, misali C 100, M 70.

Ke sa'arki ɗaya, jan zoɓo da ruwan madara launuka ne masu kwanciya, tawada na iya su. Amma duk da haka, abin da PixelLab zai ba ki RGB ne, kuma fayil ɗin PNG ma ba ya ɗaukar CMYK sam. To idan kin je wurin masu bugawa, ki ce su buɗe a CorelDRAW su juya shi zuwa CMYK a gabanki, ki gani da idonki. Sannan ki biya kuɗin gwaji guda ɗaya tak, a kan ainihin takardar sitikar, ki fita da shi waje ki duba a hasken rana. Gani ya kori ji. Kada ki yarda a buga ɗari biyar sai kin riƙe ɗaya a hannu. Ki kuma gaya musu gorar cikin ƙanƙara za ta zauna, su ba ki sitikar roba wadda ruwa ba ya ci, don ta takarda saɓulewa take yi. Ki bar milimita 3 na bango ya zarce ta kowane gefe saboda yanka, rubutu kuma ki ja shi ciki.

Wani abu da ke cutar mutane da yawa: kada ki tura musu aikin a matsayin hoto ta WhatsApp, matse shi yake yi, haruffa su fito da gashi-gashi. Ki tura a matsayin dokumen. Kuma tun wajen fara aikin ki buɗe fili babba. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato sitika mai inci 3 tana son fiksel 900 aƙalla. Na sitatus kuma 1080 a 1920. Af, na kusa mantawa, idan wayarki na da abin nan na kare ido da ke sa allo ya yi rawaya-rawaya da dare, ki kashe shi lokacin aiki, in ba haka ba duk launin da kika zaɓa ƙarya allon ya yi miki.

Salon rubutu kuma, huɗu kika sa, ki mayar da su biyu. Ɗaya mai kauri na suna, ɗaya sassauƙa na bayani. Mai lanƙwasar nan kamar rubutun katin aure, kada ki rubuta lamba da shi. Sannan na lura inda kika rubuta "kafin ya ƙare", ƙ ɗin ta fito daban da sauran haruffa, siririya, kamar baƙuwa. Dalili shi ne wanda ya ƙera salon bai sa haruffanmu masu ƙugiya ba, sai waya ta aro daga wani wuri. Wasu idan suka ga haka sai su cire ƙugiyar, ƙare ya koma kare, kuma kin ga kare ba shi da wuri a tallar abin sha. Abin nan yana damuna ƙwarai, domin harshenmu ne, mu ya kamata mu rubuta shi daidai. Ki nemi Noto Sans ko Andika a Google Fonts, kyauta ne, suna da ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, kuma PixelLab na karɓar salon da kika sauke. Kafin ki so kowane salo, ki fara rubuta masa "ƙoƙari" da "ɗanɗano" ki ga yadda zai yi.

Ɗan'uwan da ya tambaya ko dole sai ya sayi laftof kafin ya fara, a'a malam, fara da wayarka. Canva da PixelLab sun isa koyon launi da jeri. Ranar da ka fara samun aikin bugawa da yawa, ka nemi kwamfuta ka koyi CorelDRAW, don shi masu bugawa suka fi riƙewa a nan. In kuɗin manhaja ne matsala, Inkscape da GIMP kyauta suke.

To ƙanwata, ki sake ta da launi ukun nan, ki cire furanni da tauraron, ki ƙara girman gorar, ki bar mata fili ta sha iska. Ki turo nan gurup guda biyu, mai kala da baƙi-da-fari, duk a dokumen, har da ainihin hoton gorar wanda ba a taɓa ba. Ga shi ana kiran Magariba, in sha Allahu bayan Isha zan duba. A gaida su Mama. Wassalamu alaikum.