Filin Tambaya da Amsa: A Ina Zan Karanci Wasan Daɓe Mai Waƙa da Rawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe na sakandare a Agege. Tun ina firamare nake shiga wasan kwaikwayon makaranta, kuma Allah ya ba ni murya. Burina in karanci irin wasan daɓen nan da ake haɗa magana da waƙa da rawa, amma na duba kwasa-kwasan JAMB ban ga mai wannan suna ba. Wace jami'a zan cike? Daga wata ɗaliba, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yarmu. Ba idonki ba ne ya tsallake. A jami'o'inmu wannan sana'a a warwatse take tsakanin sashen wasan kwaikwayo da sashen kiɗa, alhali ita kamar murhu ce, sai duwatsu uku sun cika tukunya ke zama: fitowa a ɗan wasa, rera waƙa, da rawa. Don haka kada sunan kwas ya ja ki. Ki nemi inda za a ba ki biyu da kyau, na ukun ki cike shi a waje.

A nan Legas, Jami'ar Legas da ke Akoka tana da karatun Creative Arts mai rassa uku: wasan kwaikwayo, kiɗa, da zane. Jami'ar Jihar Legas (LASU) da ke Ojo ma tana koyar da wasan kwaikwayo da kiɗa. Idan an amince ki yi nisa da gida, sashen Performing Arts na Jami'ar Ilori ya haɗa wasa da rawa da kiɗa wuri guda, kuma a ganinmu tsarinsa ya fi kusa da abin da kike nema. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi suna a wasan wayar da kan al'umma, makaranta ce mai ƙarfi, sai dai mai son horon murya ta fara tambaya ko akwai malamin waƙa kafin ta cike ta.

Takarda ba ta nuna komai a wannan fanni, sai kin taka da ƙafarki. Ki je sashen ranar karatu, ki sami 'yan aji uku, ki tambaye su wasa nawa aka ɗora a daɓe bara, kuma nawa ne a ciki aka rera waƙa kai tsaye da makaɗa. Ki tambaya ko malamin murya yana zama da ɗalibi shi kaɗai, ko da rabin awa ne a mako, domin aji mai mutum sittin ba ya gyara muryar kowa. Ki danna fiyanon ɗakin gwaji ki ji ko yana aiki. Sannan ki dubi ƙasan ɗakin rawa. Idan siminti ne tsura, shekara huɗu na tsalle a kansa na cin gwiwa da idon sawu, katako mai ɗan lotsawa ake so.

Wajen takardu, ki tanadi kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Adabin Turanci, ki kuma saka Adabin a cikin darussa huɗu na JAMB. Nan ne da yawa ke faɗuwa, a ci maki mai kyau amma haɗin darussan bai dace ba. Jami'ar Legas ba ta duba wanda bai sa ta zaɓin farko ba, tana son maki 200 zuwa sama, kuma kiredit ɗin a zama ɗaya. Ki karanta sanarwar shekarar da za ki nema, ki tabbata hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) ta amince da kwas ɗin.

Dutsen da za ki cike a waje kuwa, idan waƙa ce, cibiyar kiɗa ta MUSON da ke Onikan tana koyar da murya da karanta rubutun kiɗa, tana shirya jarrabawa mataki-mataki, tana kuma da difloma ta shekara biyu. Ki fara tun yanzu. Wanda ya iya karanta waƙa a takarda yana haddace ta da wuri, ɗan'uwansa na jiran a rera masa.

Tambaya: Ɗana ya nace sai wannan karatu. Damuwata dawowar dare, da irin suturar da za a sa shi, da kuma abin da zai ci bayan ya gama. Daga wani uba, Idi-Araba.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Damuwarku a kan hanya take. Gwajin wasa yawanci bayan lacca ake fara shi, kuma idan ranar nuni ta matso yakan kai dare. Daga Idi-Araba zuwa Akoka da sauƙi, amma Ojo tafiya ce, ga cunkoson hanyar Badagiri. Idan LASU ce, a saka kuɗin ɗaki kusa da makaranta cikin lissafi tun farko.

Batun sutura da rawa, ku je tare ku ga shugaban sashen, ku ji waɗanne darussa ne dole, kuma ko ɗalibi na iya neman a canza masa matsayin da zai fito a wasa. Gara a yi wannan magana kafin a biya kuɗin rajista. Ku kalli wasan ɗalibai ko guda ɗaya da idonku.

Abinci kuwa, ba a daɓe kaɗai yake ba. Manyan wasanni irin waɗanda ake yi a gidan wasa na Terra Kulture da MUSON sun fi yawa a Disamba da lokacin Ista, don haka ɗan wasa zalla yakan yi watanni babu aiki. Wanda ya koyi haɗa fitilu, sarrafa sauti, rubuta wasa ko kula da tafiyar daɓe, ana nemansa a fim da rediyo da talabijin da makarantu. Ku sa ya zaɓi sashen da ke da kayan fitila da na sauti waɗanda ɗalibai ke taɓawa da hannunsu.

Tambaya: Ina waƙa a situdiyo, an ce za a gwada ni kafin a ɗauke ni wannan karatu. Me zan shirya? Daga wani matashi, Mile 12.

Amsa: Malam, situdiyo daban, daɓe daban. A finafinanmu jarumi baki yake motsawa, waƙar an riga an ɗauke ta an gyara. A nan da bakinka za ka rera, kana haki bayan rawa, kuma na kujerar ƙarshe ya ji kowace kalma. Ka shirya waƙa biyu, mai sanyi da mai zafi, kowace kamar minti ɗaya, da jawabin ɗan wasa na minti ɗaya zuwa biyu da ka haddace. Kada ka ɗauko waƙar da ta fi muryarka tsayi, kada kuma ka kwaikwayi muryar mai ita. Ka ɗumama murya na minti goma zuwa sha biyar, ka sha ruwa tun da safe, ka ja numfashi daga ciki maimakon matse maƙogwaro. Idan dishewa ta wuce mako biyu, ka dakata da waƙa ka ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro kafin ranar gwajin.