Na matse shirye-shiryenmu zuwa kilobit 16 na goge na asali, ko za su gyaru?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da wani ƙaramin gidan rediyo na intanet, laccoci da hirarraki muke watsawa. Da a MP3 kilobit 128 a sakan muke, masu sauraro suna kukan yankewa da cin data. Na sauko 32, yankewar ta ragu amma muryoyi suka dagule. Sai wani da ya ce ya san harkar ya ba ni shawarar in matse tsofaffin shirye-shiryenmu zuwa kilobit 16, in goge na asali don samun wuri, wai akwai manhajar da za ta mayar da su 320 duk ranar da na so. Na riga na yi wa wasu haka. Jiya na gwada mayarwar, fayil ya kumbura, sauti yana nan yadda yake. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka dakatar da gogewar nan yau, ba gobe ba. Kuma kada ka ƙara ajiye komai a ma'ajiyar da ka yi gogewar. Duba kwandon shara na kwamfutar tukuna. In tsohon faifai ne mai juyawa, sau da yawa manhajojin ceto fayil suna iya tono abin da aka goge muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba. In SSD ce, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, da wuya.

Batun watsawar mai sauƙi ne. Ina kyautata zaton kilobit kawai ka rage, ka bar sautin a sitiriyo, samfuri 44,100 a sakan (samfuri shi ne sau nawa ake auna sautin). Ka ɗora wa kilobit 32 kayan da suka fi ƙarfinsu, dole murya ta dagule. Lacca ba ta bukatar sitiriyo, mayar da ita mono, wato layin sauti ɗaya maimakon biyu. In dole sai MP3, ka sauko da samfurin zuwa 22,050 ko 24,000. Ka san ƙa'idar, rabin adadin samfuri shi ne ƙololuwar amon da zai tsira, to haz (ma'aunin tsinin amo) 11,000 ya wadaci maganar ɗan Adam. Kada dai ka gangara zuwa samfuri 8,000. Wannan ma'aunin tsohuwar wayar tarho ne, wadda ke wucar da haz 300 zuwa 3,400 kawai, shi ya sa a cikinta ake kasa bambance "s" da "f".

Ni da zan zaɓa maka, Opus zan ce, shi ma tsarin matse sauti ne kamar MP3. Tun 2012 aka tabbatar da shi, yana aiki daga kilobit 6 har 510, kuma a 24 zuwa 32 mono magana na fita fes. Shirin da ke da kiɗa ka gwada tsarin matsewa na HE-AAC a kilobit 48. Ba kowace tsohuwar na'ura ke buɗe Opus ba, don haka ka bar hanya biyu, manhajar watsawa ta Icecast na ba ka damar haka a saba (kwamfutar da ke watsawa) ɗaya. Lissafin data a awa: kilobit 128 megabait 57.6, kilobit 32 megabait 14.4, kilobit 24 megabait 10.8. Sannan ka ƙara yawan sakannin da manhajar sauraro ke tarawa kafin ta fara kunnawa. Rediyo ba kiran waya ba ne, jinkirin sakan goma ba ya cutar da kowa, kuma yana shanye tangal-tangal ɗin netwok.

Yanzu mu zo kan mai ba ka shawara. Wallahi na gaji da jin wannan maganar. Kullum sai an kawo mini ita, kuma kusan kullum bayan an riga an yi ɓarnar.

MP3 da AAC da Opus ba ninke sauti suke yi ba balle a warware shi daga baya. Zubarwa suke yi. Manhajar matsewa tana lissafin abin da kunne ba zai lura da shi ba, misali ƙaramin amo da babba ya danne, sai ta yar da shi. In ka ba ta isassun kilobit, abin da ba a ji kawai take zubarwa. In ka ƙuntata mata, sai ta shiga zubar da wanda ake ji. Sautin faifan CD kilobit 1,411 ne a sakan. Kai ka bar 16, wajen kashi ɗaya cikin 88. Ƙari a kan haka, MP3 ba ya sauka ƙasa da kilobit 32 a samfuri 44,100, saboda haka a 16 dole manhajar ta rage samfurin ma, ta sare saman muryar gaba ɗaya. Babu wani lungu a cikin fayil ɗin da aka ɓoye abin da aka sare.

To me 320 ɗin ya yi maka? Ka juye kofin ruwa ne a cikin duro. Awa ɗaya da take megabait 7.2 ta koma 144, ninki ashirin, ruwan kuma bai ƙaru da ɗigo ba. Har ma ya ɗan ragu, domin sake matsewa sake zubarwa ne, komai girman lambar. In kana shakka, buɗe fayil ɗin a manhajar gyaran sauti ta Audacity ka dubi zanen amonsa. Za ka ga wani layi a miƙe, samansa wayam, a na 16 da na 320 duka a wuri ɗaya.

Irin waɗannan mutanen lambar da ke jikin fayil suke karantawa, ba sa sa kunne. Su ne ke karɓar saƙon murya na WhatsApp, wanda an riga an matse shi da Opus, su mayar MP3, su yanke, su sake ajiyewa a MP3, su watsa a wani ma'aunin, sannan su ce makirfo ne ba shi da kyau. Matsewa huɗu a kan murya ɗaya! Wanda bai san bambancin adadin samfuri da adadin kilobit ba bai kamata ya buɗe baki ya ce wa mutum ya goge aikin shekaru ba.

Na san za a ce ai yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu "gyara" sauti. Akwai, kuma wasunsu suna sa tsohon naɗi ya yi daɗin ji. Amma cankar abin da ya ɓata suke yi, suna ƙirƙirar wanda ya yi kama da shi. A lacca ko hira, inda harafi ɗaya ke sauya ma'ana, kuma muryar mai magana amana ce a hannunka, ba zan kira wannan dawo da asali ba. Kada kuma a kawo mini hujja da HE-AAC, wai ai shi ma yana sake gina saman sauti. Yana yi, amma manhajarsa ta ga sautin asali lokacin matsewa, ta aiko da bayanin yadda saman yake. Naka ba wanda ya aiko da komai.

Kuma wurin ajiyar da aka tsorata ka da shi bai kai abin da aka nuna maka ba. WAV, wato sautin da ba a matse ba, mono, samfuri 48,000, bit 16, megabait 345.6 ne a awa. Terabait ɗaya zai ɗauki awa kusan 2,900. In ka mayar FLAC, wani tsarin rage girman fayil, magana kan sauko wajen rabin haka, kuma shi FLAC ba ya zubar da komai, abin da ka sa shi za ka fitar. Ka naɗa a WAV, ka yi yanke-yankenka a WAV, ka adana FLAC a ma'ajiya biyu daban-daban. Na watsawa ka fitar da shi sau ɗaya daga wannan asalin.

Waɗanda suka riga suka tafi kuwa, ka riƙe na kilobit 16 ɗin yadda suke, kada ka sake juya su, ka goge kumburarrun 320 ɗin da ke cin wuri a banza. Sai ka bi katin ajiyar na'urar da aka yi naɗin da ita, da wayoyin masu gabatarwa, da baƙin da kuka taɓa tura wa kwafi. Ka yi sanarwa ma a tashar, wataƙila cikin masu sauraro akwai wanda ya naɗi shirin lokacin da kuke watsawa a 128. Ko wannan ka samu, ya fi na hannunka nesa ba kusa ba.