Tambayi likita: kaushi, faso da kantar ƙafa

Likita, ni matar aure ce a Tahoua. Duk lokacin ɗari dunduniyata kan yi kaushi har ta riƙa kama zanen gado. Kullum ina gogewa da dutse, amma ƙaruwa yake yi.

Malama, gugar kullum ɗin nan tana cikin abin da ke ƙara shi. Kaushi matacciyar fata ce da jiki ke tarawa inda ake yawan dannawa, don ya kare naman da ke ƙasa. In kika kankare har wurin ya yi ja, sai jiki ya sake tara wadda ta fi ta da kauri. Tafin ƙafa kuma ba shi da maiƙon kansa irin na fuska, zufa kaɗai yake fitarwa. Ga iskar hunturu, ga ruwan omo na wanki, ga alwala sau biyar ba a bi da mai ba.

Da dare ki jiƙa ƙafa minti 10 zuwa 15 cikin ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannunki za ta jure. Kada ki zuba omo, kanwa ko jabel (ruwan farar da tufafi), cin fata suke yi. Ki goge a hankali, minti 2 ko 3 kowace ƙafa, sau biyu ko uku a mako, ki tsaya tun kafin ki ji zafi. Ki tsane da tawul, tun fatar na da danshi ki shafa man kaɗanya ko basilin, ki sa safar auduga ki kwana. Ban da tsakanin yatsu, can bushewa ake so. Shafa man kullum ne, ko ranar da ba ki goge ba.

In kaushin ya yi kauri sosai, ki nemi man ƙafa a farmasi wanda aka rubuta urée a kwalinsa. Mai kashi 10 cikin 100 laushi kawai yake sawa. Mai 20 zuwa 30 shi ke narkar da matacciyar fata, amma yana raɗaɗi a kan buɗaɗɗen faso. Ki ba shi mako 2 zuwa 4. Sai takalmi: silifa mara baya tana barin dunduniya ta baje gefe in an taka, busasshen bakin ya tsage. Mai rufin baya da taushin ciki ya fi. Dutsen kuma naki ne ke kaɗai, ki wanke ki shanya a rana.

Likita, mahaifinmu yana da ciwon sukari. Wanzami kan zo ya fere masa kantar ƙafa da aska, ya ce ko zafi ba ya ji. Akwai laifi?

Akwai babba. Ku dakatar da wannan aski daga yau. Rashin jin zafin da Baba yake faɗi ba jarumta ba ce, alama ce cewa sukari ya taɓa jijiyoyin ji na ƙafa. Aska za ta iya shiga nama bai sani ba, kuma raunin mai sukari yana jinkirin warkewa; da yawa daga ƙafafun da ake yankewa a asibiti daga ɗan rauni irin wannan suka faro. Sau da yawa ma gyambon yana ɓoye ƙarƙashin kantar.

Ban da reza, ban da dutse, ban da filastar cire kanta da ake saidawa a farmasi, don sinadarin da ke cikinta yana ƙona lafiyayyar fata. Kada a jiƙa masa ƙafa ta daɗe, kada ya ɗumama ta a bakin garwashi. Wankewa, tsanewa, shafa mai, shi ke nan. Ɗayanku ya duba tafin da tsakanin yatsu kowace rana, ya lalubi cikin takalmi kafin ya sa. Kantar kuwa ma'aikacin lafiya ne zai rage ta da wuƙa mai tsabta. In kun ga baƙi ko jini ƙarƙashinta, kumburi, ruwa ko wari, ku kai shi babban asibitin jihar a ranar, ba gobe ba.

Likita, ina noman albasa a wajen Galmi. Fasona yana jini, ina liƙe shi da gam mai kama roba. Tafin kuma fari fat, yana ƙaiƙayi.

Malam, gam yana kulle ƙasa da ƙwayoyin cuta a cikin raunin. Ka wanke fason da ruwa da sabulu, ka shafa betadin (maganin kashe ƙwayoyin cuta a rauni), ka rufe da bandeji, kada ka goge wurin sai ya haɗe. Mai aiki cikin laka da taki da buɗaɗɗen rauni yana bukatar allurar rigakafin tetanos, cutar da ke sandarar da jiki. In ka wuce shekara 5 ba ka yi ba, ka je ƙaramin asibiti (CSI) mafi kusa. Ka sa takalmin roba dogo lokacin ban ruwa, ka cire ka shanya da ka fito.

Farin tafin nan mai ƙaiƙayi kuwa ya fi kama da cutar da ke kawo cin ruwa tsakanin yatsu, ta bazu zuwa tafi. Basilin ba ya kashe ta. Ana shafa maganin kulotirimazol safe da dare mako 4, wani lokaci sai an haɗa da ƙwaya, saboda haka a duba ka. Ka guji man da ke da kortizon, irin na canza launin fata: ƙaiƙayin zai lafa, cutar ta ƙara yaɗuwa.

Likita, ƴata mai shekara 9 tana da kanta guda a tafi, da ɗigo-ɗigon baƙi a tsakiya.

Hajiya, wannan ya fi kama da tusar jaki. Ki matse ta ta gefe: in ta fi zafi a haka bisa ga dannawa ta sama, ita ce. Tana yaɗuwa, don haka kada ki goge ta da dutsen gida. A yara takan ɓace da kanta cikin shekara ɗaya ko biyu. In tana hana ta taku, ki kai ta wurin likitan fata.